Ɗakuna Uku Ba Rufi: Shafi na 17

Ku da kuka cika ƙasan shafin jiya da cewa Sarfo sakarai ne, ku sassauta masa. Na zauna da irinsa. Zuciyarsu ce ke riga ƙafarsu isa wuri. Mu je.

*

Ranar Asabar Sarfo bai buɗe shagonsa na gyaran firij ba. Tun da hantsi ya zagaya bayan gidan kakarsa, can ƙarshen unguwar Abuakwa inda kwalta ta ƙare, ya shiga ɗakunansa uku.

Ɗakuna dai a bakinsa. Bulo ne ya kai linta ya tsaya. Ba ƙyaure, ba taga, ba rufi. Shekara biyar yana ɗora su. In ya gyara firij biyu ya sayi bulo ashirin, in kasuwa ta yi sanyi ginin ma ya huta.

Ya shimfiɗa tsohon buhun siminti a ɗakin tsakiya ya kwanta rigingine.

Daga nan in ka duba, sama ma ɗaki ce mai kusurwa huɗu. Gajimare ya shigo ta bangon gabas, ya ratsa a hankali, ya fice ta yamma kamar baƙon da bai zo da kaya ba. Sarfo ya lumshe ido. Nan da nan bangon ya sha shuɗin fenti. Labule ya sauka a ƙofa, iska na ɗaga shi. Wani na daka fufu a tsakar gida, ƙamshin miyar kwakwa na shigowa ta tagar da ba a sa ba. Ga takalman yara a bakin ƙofa, wari ɗaya ya kife.

"Mai gidan haya! A tashi, wata ya ƙare!"

Frema ce, matarsa, da kwano a kai. Ta tsallake tarin yashi ta shigo.

"Yau kuma wa ya tare mana?"

Bai buɗe ido ba. "Tela ne da matarsa. Suna da rediyo."

"Ka ce su rage murya. Sun biya?"

"Sun biya har da na baɗi."

"To ka ce su ara mana kwanon rufi, na ga hadari ta wajen Nkawie."

Ya yi dariya ya tashi zaune. Ta ajiye masa dokono biyu, tuwon masara naɗe a ganye, da soyayyen kifi da barkono, ta zauna a kan bulo tana kallonsa yana ɓare ganyen.

"Ka yanke shawara?"

"Na yanke."

"Banki?"

Ya girgiza kai. "Mutumin banki takardar fili yake so. Na ce masa kakata ce ta ba ni, ya ce kakata ba ta shiga cikin fayil. Da ya faɗi kuɗin ruwan kuma, Frema, sai da na nemi kujera."

"Sai Madam ke nan."

"Sai Madam."

Madam Tutuwaa ungozoma ce da aka turo asibitin unguwar watan jiya, tana raɓe a ɗakin ƙawarta. Ta ga ginin ta ce tana son ɗaki biyu, ɗaya na kwana ɗaya falo. Za ta ba da hayar shekara biyu a dunƙule kamar yadda kowa ke yi, shi kuma ya rufe ɗakunan uku da kuɗin, ya sa ƙyaure da taga, ta tare kafin damina ta zauna sosai. Yau ƙarfe huɗu za ta kawo.

"Ka dai sani," in ji Frema, "shekara biyu za ta yi tana kwana a ɗakinka, kana mata ina kwana, ko sidi ɗaya ba za ka gani ba."

"Na ukun zai riƙe mu."

"In telan nan ya yarda ya fito daga cikin kanka ya shiga."

"Shekara biyu ba nisa. 'Yarmu Konadu na shiga sakandare hayar na dawowa hannunmu. Ɗaki ɗaya kuɗin makaranta, ɗaki ɗaya abinci." Ya nuna na ƙarshen da ƙashin kifi. "Wancan kuma nata ne. Ran da ta girma, ko duniya ta juya mata baya, tana da inda za ta sa makulli."

Frema ta sunkuya. Ta tsinke wata ciyawa da ta fito a gindin bango, tana murza ta a yatsa.

Sai suka ji ƙwanƙwasa.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Wani ne ke bin bangon daga waje yana dukan bulo ɗaya-ɗaya da bakin lema.

Wofa Ntim ne, ƙanin mahaifiyar Sarfo, wanda ya zama babban dangi bara bayan rasuwar yayansa. Daga wajen jana'iza yake, baƙin zane a kafaɗa, yana ƙamshin abin da aka sha a can.

Sarfo ya miƙe da sauri ya goge hannu. Frema ta rusuna.

"Wofa, sannu da zuwa. Ga abinci."

"Na ci na mamaci, ya ishe ni." Ya ɗaga kai ya dubi inda rufi ya kamata ya kasance. "Iska na shiga da kyau. Wa ya zana maka?"

"Ni ne, Wofa."

"Ka iya. Bulon ma ba a yi masa rowar siminti ba." Ya sake ƙwanƙwasawa. "Dangi sun gode."

Sarfo ya yi murmushi, don bai gane ba tukuna.

"Na ji wai yau za ka karɓi kuɗin wata ma'aikaciya."

"E, Wofa. Da ma ina so in zo in sanar da kai."

"Da wane suna za ka karɓa?"

"Da... da sunana."

"A kan filin wa?"

"Nana ce ta ba ni. Kowa ya sani. Da kuɗin ayabarta ta saya tun ba a haife ni ba, ba filin dangi ba ne."

"Gaskiya ne. Guminta ne, tana da ikon ba wanda ta so." Wofa Ntim ya dogara a kan lemarsa. "Wa ya sha aseda ɗinka?"



Wani ƙadangare ya leƙo ta saman linta, ya gyaɗa kai sau biyu, ya koma.

Aseda. Godiyar da ake kawowa a gaban shaidu, kwalbar giya biyu da ɗan abin da ya sawwaƙa. In an zuba an sha, kyauta ta zauna, ba mai tayar da ita. In ba a sha ba, magana ce kawai aka yi, ran da mai bayarwa ya kwanta dama ta bi shi.

"Na yi mata godiya," in ji Sarfo a hankali. "A nan, gindin bishiyar lemon can. Na durƙusa. Har kuka na yi."

"Wa ya gani?"

"Mu biyu ne."

"Da bishiyar lemo." Wofa ya yi 'yar dariya. "To ka kira ta ta ba da shaida."

"Wofa..."

"Ɗan 'yar'uwata, ba faɗa na zo yi ba. Tsohuwa ta haura tamanin da biyar. Jiya da sunan ubana ta kira ni. Ran da Allah ya ɗauke ta, duk abin da ba ta bayar bisa al'ada ba ya dawo hannun dangi. Dangi kuwa," ya dafa ƙirjinsa, "ka ga inda suke ajiye makulli."

"Shekara biyar ina ɗora bulon nan."

"Shi ya sa na ce mun gode. Ba za mu kore ka ba, kai namu ne. Ka zauna a ɗaya har ƙarshen ranka. Haya dai ni zan karɓa, a yi wa dangi hidima."

"Konadu fa?"

"Konadu 'yar kirki ce." Ya dubi Frema ta gefen ido. "Amma ta wajen uwa ake gado, kai ma ka sani. Konadu ta dangin uwarta ce. Su gina mata a garinsu."

Sarfo ya ɗaga kai. Gajimaren na nan yana wucewa yadda ya saba. Sai dai shuɗin fentin ya tafi, labulen ya tafi, telan da rediyonsa sun kwashe kaya ba sallama. Bulo ne kawai, toka-toka, da ciyawa a gindi.

"Gafara dai masu gida!"

Madam Tutuwaa ce a bakin ƙofar da ba ƙyaure, cikin fararen kayan aiki, ta matse jaka a hammata. Ta zo da wuri. Daga yadda ta riƙe jakar ka san ta ji abin da ya isa.

"Bra Sarfo, ni fa ba na son shiga maganar dangi. Kuɗin nan adashin shekara uku ne da bashin albashi. In na ba ka, gobe wani ya zo ya ce in fita, wa zan kama?"

"Ba wanda zai ce ki fita, Madam."

"Ni ma ban ce ta fita ba," in ji Wofa. "Cewa na yi ta san hannun da za ta sa wa."

Sarfo ya tsaya yana kallon ƙasa. Shi ba mai saurin magana ba ne, ko firij sai ya daɗe yana sauraron kukansa kafin ya taɓa. Can ya ɗago.

"Nana na da rai."

"Tana da rai," in ji Wofa.

"Da la'asar hankalinta na dawowa. Kullum. In ta ci abinci ta zauna a baranda, har kuɗin ayabar da aka ci mata shekara talatin tana tunawa." Ya laluba aljihu. "Yau zan kawo aseda. Yanzu. Wofa, kai ne babban dangi, ka zauna ka gani. Madam, ke baƙuwa ce, ba ki da ɓangare, ki zama ta biyu."

Wofa Ntim ya gyara zanensa a kafaɗa. Ba ya iya cewa a'a, a gaban baƙuwa, ga uwarsa da rai.

Wadda ta ce a'a Frema ce.

Ta riƙo hannun rigarsa. "Sarfo, ba yau ba."

"Sai yaushe?"

"Ka bari mu yi magana a gida tukuna. Ni da kai."

"Mu dawo mu yi."

"Tsohuwa ta gaji. Ka bari gobe bayan coci. Ka bari..."

"Frema, hadari na haɗowa, Madam na tsaye da kuɗi a hannu. Kwalba biyu ce kawai, ba za ta karya mu ba."

"Ba kuɗin kwalba nake ji ba."

"To mene ne?"

Ta dubi Wofa, ta dubi Madam. Ta saki rigar.

Ya tafi kantin bakin hanya da sassarfa, ya dawo da kwalba biyu a baƙar leda da ambulan da ya sa sidi ɗari biyu a ciki, duk abin da ke aljihunsa ke nan.

*

Nana Pomaa na zaune a baranda kan 'yar kujerarta, faranti a cinya, tana ɓare agushi. Yatsunta sun san aikin, ba sai ta duba ba. Idonta na can kan hanya, wajen da da gonar koko ce, yanzu gidaje.

Iska ta fara kaɗawa mai sanyi-sanyi. Ganyen ayaba na ta shafar juna.

"Ku ji," ta ce, ba tare da ta juyo ba. "Haka take yi in za a yi ruwan farko. Da muna yara sai mu fita da ƙwarya, wai mu tari na farkon mu wanke fuska, mu yi kyau." Ta yi dariya ba haƙori. "Ni nawa ya kama. Ntim bai samu ba."

Madam ta toshe baki. Wofa ya gyara zama a kan benci ya yi kamar bai ji ba.

Sai ta ga Sarfo.

"A'a, mijina ne. Ka tuna da ni yau? Ka kawo kuɗin cefane?"

"Na kawo abin da ya fi shi, Nana."

Ya cire takalmi. Ya durƙusa ya jera kwalaben a gabanta, ya ɗora ambulan a kai. Ya faɗa yadda ya ji manya na faɗa.

"Nana, shekara biyar da suka wuce kin ba ni filin bayan gida, daga bishiyar lemo zuwa kwata. Na yi wauta ban kawo godiya a gaban mutane ba. Yau ga Wofa Ntim, ga Madam Tutuwaa. Ga aseda ɗina. Ki karɓa a sha, kowa ya shaida."

Tsohuwa ta ajiye farantin. Ta ɗauki kwalba ɗaya ta ɗaga ta wajen haske, ta daɗe tana kallon yadda rana ke wasa a ciki.

"Mai kyau ce," ta ce.

Ta mayar. Ta sa bayan hannu ta tura su duka biyun zuwa gabansa.

"Mayar wa mai kanti ya ba ka kuɗinka."

"Nana?"

"Na riga na sha."

Wofa Ntim ya yi ajiyar zuciya irin ta mai tausayi. "Kun gani ko? Abin da nake faɗa ke nan. Maame, ba ki sha komai ba, yanzu aka kawo."

"Rufe mini baki, Ntim. Kai kana Abidjan lokacin kana cin bashin mutane." Muryarta ta fito tas. "Ranar Laraba ce. Yayanka na zaune a inda kake zaune, Allah ya ji ƙansa. Malamin coci Ampofo na can, shi yana da rai, je ka tambaye shi, har a littafinsa ya rubuta. Kwalba biyu, farin zane, da tunkiya. Tunkiyar ma ta cinye mini barkono kafin a yanka."

Murmushin Wofa ya bushe.

 An yi. Ashe an yi. Shuɗin fentin ya fara dawowa bango, labulen na sauka.

"Wa ya kawo, Nana? Wa ya yi mini wannan?"

"Yi maka?"

Ta kalle shi da tausayi, irin kallon da take masa tun yana rarrafe.

"Mijina, na ba ka fili, ka yi kuka, ka tashi kana kallon sama kana ƙirga ɗakuna. Kwana bakwai ina zaune a nan ina jiran ka dawo da mutane. Ba ka zo ba. Na ce wannan ko ya gina, Ntim zai karɓe da baki kawai. In ma bai karɓe ba, ran da ka mutu 'ya'yan 'yar'uwarka su zo su fitar da 'yarka da tabarmarta." Ta ɗauki agushi ɗaya ta ɓare. "Rana ta takwas sai ga wadda ta zo. Da cinikin dokononta na wata shida ta sayi tunkiyar."

Ba wanda ya juya da farko.

Sai Madam ta juya. Sai Wofa. Sarfo ne na ƙarshe.

Frema na tsaye a gindin matakala, ta haɗa hannu biyu a ciki, idonta a ƙasa.

"Frema," ya ce, yana murmushi har yanzu. "Ke ce? Shekara biyar ba ki faɗa mini ba? Kin kai godiya a madadina kika yi shiru?"

Ba ta ɗago ba.

"Ba a kai godiya a madadin wani," in ji Nana Pomaa. "Wanda ya durƙusa shi ya karɓa. Na tambaye ta a gaban yayan Ntim, na ce da sunan wa? Sau uku na tambaya."

"Ta ce da sunana."

Tsohuwa ta hura ɓawon agushi daga tafin hannunta. Iska ta kwashe shi ya bi ta tsakar gida.

"Ba ta kira sunanka ba, mijina. Nata ta kira. Ni kuma na ce na ba ta."

Ɗigon farko ya faɗo a kan kwanon baranda. Tas. Sai na biyu.

Sarfo na durƙushe, ba takalmi, kwalba biyu a gabansa. Bulo dubu biyu da wani abu. Kowanne ya san ranar da ya saye shi, ya san firjin da ya biya shi.

"Na so in faɗa maka," in ji Frema, muryarta can ƙasa. "Duk ran da na zo faɗa sai in tarar kana kwance a ciki kana murmushi. Don Konadu na yi, Sarfo. Wallahi don Konadu."



Wofa Ntim ya fashe da dariya, har yana buga lema a ƙasa. "Ei! Ni na zo karɓar gini, ashe an riga ni tun ba a sa tushe ba! Ɗan 'yar'uwata, shekara biyar kana yi wa matarka leburanci kyauta!"

Madam Tutuwaa ta miƙe. Ta dubi sama, ruwa na ƙaruwa. Ta zuge jakarta ta fito da ambulan mai kauri, ta tsaya da shi a tsakanin miji da mata.

"Ku yi haƙuri, ni aiki zan koma ƙarfe biyar." Ta dubi Sarfo. Ta dubi Frema. "Wa zan miƙa wa?"

Frema ta ɗago kai a karon farko.

Ta miƙa hannu.